Fasfon Baba a Bakin Kare

Shekara bakwai na yi ina karatu a Makka, kuma yawancin abubuwan da suka faru a cikinsu sun riga sun dushe a raina, wasu ma sai matata ta tuna min in ce mata anya kuwa. Amma akwai wata Asabar ta watan Sha'aban wadda ko na tsufa har na fara neman hular da ke kaina, ba na jin za ta bar zuciyata. Ranar ce biri ya sace fasfon mahaifina a kan dutsen Hada, ni kuma na tsaya da farar riga ina yi wa birin wa'azi.

Lokacin muna zaune ni da matata a unguwar Misfala, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a hawa na huɗu. Shekarun ne da ake ta aikin faɗaɗa Harami, duk inda ka ɗaga kai sai ka ga injinan gini sun miƙe sama. Na daɗe ina fafutukar samar wa Baba bizar ziyara, kuma burina ɗaya ne tak: ya yi azumin Ramadan a Makka, mu sha ruwa tare a Harami, mu tsaya tarawihi kafaɗa da kafaɗa. Ranar da bizar ta fito har sujada na yi a tsakar ɗaki. Ya iso saura kamar wata ɗaya da rabi a fara azumi.

Baba mafarauci ne. Ƙauyenmu yana gindin duwatsu a ƙasar Ningi, kuma tun da na buɗe ido ba a taɓa rasa karnuka huɗu ko biyar a bayan gidanmu ba. Da farauta ya ciyar da mu, da ita ya tura ni makaranta. Sai dai a makarantar “ɗan mai karnuka” yara suke ce min, ni kuma na riƙe abin a raina har na girma da shi. Da na fara karatun addini sai na samu abin fakewa. Duk inda aka ambaci kare sai in ɓata fuska in ce najasa, alhali ba najasar ce ta dame ni ba, tsohuwar kunyar nan ce.

Tun daga filin jirgi na fara yi wa Baba gyara. Baba, ba a tofar da goro a nan. Baba, ba kowa ake gaisarwa a cikin lif ba. Baba, ba a cire takalmi a bakin kanti. Baba, rage murya, maƙwabta na ji. Shi kuwa ba ya musu, sai dai ya ce, “To, Malam.” Ni a wautata daɗi nake ji, ina ganin tsoho ya yarda ɗansa ya zama malami. Matata ce kawai ta lura cewa kullum “Malam” ɗin nan ƙara tsawo yake yi a bakinsa.

Abin ya kai maƙura ranar da abokan karatuna uku suka zo gaishe shi, muka zauna cin abincin rana. Ana cikin cin tuwo ɗayansu ya ce, “Baba, wace sana'a ake taɓawa a gida?” Na ga Baba ya gyara zama, ya ajiye lomar da ke hannunsa, idonsa ya yi haske. Na san labarin kurar nan da ta taɓa ritsa shi a bakin kogo ne zai fito, da karnuka da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sai na yi wuf na riga shi, na ce, “Manomi ne.” Baba ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, “E, ana taɓa noma.” Bai ƙara kai hannu kwanon ba.

Washegari muna dawowa daga masallaci ya ce, “Malam, ba ni fasfona.” Na ce me za a yi da shi. Ya ce, “Ka nemo min jirgi. Damina ta kusa, manomi ba ya zaman gari lokacin shuka.” Na yi magiya, na kawo falalar azumi a Makka, na kawo ladan umara a Ramadan. Ya saurare ni tsaf har na gama, sannan ya sake miƙo hannu. Dole na buɗe durowa na ba shi. Ya naɗe shi a wata baƙar leda ya zura a aljihun ƙirji, ko kwanciya zai yi da shi yake yi. Saura kwana goma a fara azumi, kuma a makon nan ne ya kamata in kai fasfon a sabunta masa biza.

Matata ce ta same ni na yi tagumi, ta ce, “Malam, mutumin da ya yi shekara sittin yana hawan dutse ka kawo shi ka kulle a hawa na huɗu kana karanta masa dokoki. Ko ni ce ai zan nemi fasfona. Ka fitar da shi ya sha iska.” Na ce ina zan kai shi a wannan zafin da ko tantabarun Harami neman inuwa suke yi. Ta ce in tambayi maƙwabcinmu.

Maƙwabcin nan direba ne, mutum mai tumbi da fara'a, haifaffen unguwar Mansur. Kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa daga Kano bai koma ba, don haka Hausarsa rabi Larabci ce. Da na gaya masa sai ya tafa hannu. “Mafi mushkila, ba matsala, ya shekh! Mu kai shi Hada, hanyar Ɗa'ifa. Akwai tsohuwar hanyar raƙuma a can, duk dutse aka jera, tun kafin a yi sayyara, mota ke nan, mutane ke bin ta. Ga sanyi kamar ka buɗe firji. Wallahi ammi, Babanka, zai manta da jirgi.” Da na gaya wa Baba za mu je dutse, sai na ga ya jawo sandarsa ta gora da ya zo da ita daga gida ya jingine ta kusa da ƙofa.

Asabar da safe muka kama hanya. Matata ta ƙunsa mana gurasa da sauran kilishin da Baba ya kawo mana tsaraba. Ni na saka farar rigata da ta sha guga, wadda nake zuwa jami'a da ita, na yi alwala, na fesa turare, kai ka ce ɗaurin aure za ni. Mota ta dinga hawa tana murɗawa, kwana bayan kwana, har kunnuwanmu suka toshe. A wani shingen jami'an tsaro aka nemi takardu, Baba ya fito da fasfo aka duba. Kafin ya mayar aljihu na karɓe, na ce, “Kawo in riƙe, Baba, kada ya faɗi a dutse.” Gaskiyar magana so nake fasfon ya bar hannunsa ko na wuni ɗaya ne. Na cusa shi da ledarsa cikin 'yar jakar da na rataya, inda kilishin yake. Baba ya ce, “Ka haɗa takarda da nama?” Na ce babu komai. Ya ce, “To, Malam.”

Da muka kai sama muka fito daga mota, iskar da ta buge ni sai da na ja numfashi sau biyu. Makka muka baro tana tafasa, nan kuwa sanyi ne mai daɗi, ga gajimare can ƙasa da mu yana yawo tsakanin duwatsu. A bakin hanyar akwai wani tsohon Balarabe makiyayi zaune a gindin bishiya, awakinsa na kiwo, butar shayi a kan garwashi. Kusa da shi wani kare ne kwance, ja-ja, siriri, kunnensa ɗaya a yage. Muka yi sallama, ya nuna mana inda hanyar ta gangara, sannan ya yi mana bayanin da na ji da kunnena, na kuma fahimta sarai. Ya ce duk wanda zai sauka, karen nan sai ya raka shi har wani faffaɗan dutse inda ake hutawa, ya kuma dawo da shi. Ya ce kada mu kore shi, domin muddin yana tare da mu birai ba za su matso ba. Ladansa gutsuren gurasa ne idan an dawo.

Maƙwabcina ya fassara wa Baba. Kafin ya gama Baba ya tsuguna ya yi wani ɗan fito a hankali. Karen ya ɗaga kunnen nan mai lafiya, ya taso yana kaɗa wutsiya kamar sun shekara da sanin juna. Baba ya shafa wuyansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafarsa ya duba tafin, ya ce, “Wannan ya san aiki.” Murmushin farko ke nan da na gani a fuskarsa cikin mako guda. Maimakon in yi murna sai na ce, “Baba, najasa fa, ga azahar na zuwa.” Ya miƙe ya kaɗe hannu, fuskar ta koma yadda take.

Hanyar kuwa abin kallo ce. Duwatsu ne aka jera hawa-hawa, sun yi sumul saboda sawun mutane da raƙuma na shekaru aru-aru. Tana lanƙwasa tana bin jikin dutsen, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami mai zurfi. Karen na gaba, ya yi 'yar tafiya ya tsaya ya waiwayo mu. Baba na biye da shi, kuma wallahi ban san inda tsufansa ya tafi ba. Mutumin da a Misfala sai na riƙe masa hannu a matakala, ga shi yana tsallake duwatsu da sanda a kafaɗa. Ya nuna wani ɗan kashi a kan dutse ya ce rema ne ya kwana nan. Ya tsinki wani ganye ya murza ya shinshina, ya ce akwai ɗan'uwansa a dutsenmu, maganin ciwon ciki ne. Maƙwabcina na can baya yana haki yana cewa, “Shuwayya shuwayya, a hankali, ya ammi! Ni sitiyari na sani, ban san dutse ba.”

Da na bar abin haka da an wuni lafiya. Amma a wata kwana da hanya ta matse, karen ya dawo baya zai wuce ta gefena, ƙanshin kilishi ya ja shi ya kai hanci jikin jakata, ya bar min danshi a farar riga daidai cinya. Raina ya ɓaci. Na duƙa na ɗebi duwatsu na shiga jifa. Na farko ya wuce, na biyu ya same shi a ƙafar baya. Ya yi ƙara, ya haura sama cikin duwatsu yana ɗingishi, ya ɓace. Na juyo ina huci ina jiran a ce na yi daidai. Maƙwabcina ya ce, “Haram alek, ya shekh, me ya yi maka?” Baba kuwa kallon inda karen ya bi ya yi, sannan ya ce, “Ka sallami mai gadi, Malam.” Ya ci gaba da tafiya, bai ƙara nuna mana ko ganye ɗaya ba.

Muka isa faffaɗan dutsen, wuri mai inuwa da iska. Na zauna na buɗe jaka na warware kilishi. Ban kai ga tauna ta biyu ba na ga kai ya leƙo ta bayan wani dutse, sai wani, sai wani. Kafin ka ce me birai sun kewaye mu, manya da ƙanana, har da uwaye da 'ya'ya a goye. Baba ya ce, “Rufe jakar nan ka danne ta da cinya.” Ni kuwa abin dariya ya ba ni. Na mayar da kilishin, na ajiye jakar a gefe, na fito da waya ina ɗaukar hoto in tura wa matata, ina ta washe baki. Ban san cewa a wurin biri nuna haƙora neman faɗa ne ba. Wani ƙaton gwaggon biri mai furfurar gashi har kafaɗa ya tako a hankali, ya yi hamma ya nuna min nasa haƙoran. Ina ja da baya ya sunkuci jakar, ya yi tsalle biyu ya haye wani tudu a ƙetaren rami.

“Ya satir!” in ji maƙwabcina. “Jawaz! Fasfon ammi na ciki!”

Ba fasfo, ba sabunta biza. Ba biza, ba azumi a Makka. Abin da zai biyo baya shi ne zirga-zirga zuwa Jidda, a ba shi takardar wucin gadi, a sa shi a jirgi ya tafi da ɓacin raina a zuciyarsa, kuma ni da hannuna na jawo. Na tattare riga na nufi bakin ramin a guje ina ɗaga hannu. Har yau in matata na son ba yara dariya sai ta ce su tambaye ni abin da na ce wa birin. Da Larabcin aji, tsantsa ba gauraye, na daka masa tsawa na ce ya ji tsoron Allah ya dawo da amanar mutane.

“Tsaya nan!”

Muryar Baba ce, amma ba ta “To, Malam” ba ce. Muryar da nake ji ce ina yaro idan na doshi inda ya ɗana tarko. Ƙafata ta tsaya da kanta. Ya ce, “Dawo ka zauna. Ka rufe bakinka, kada ka kalle shi. In ka bi biri da kaya a hannu, gangarawa zai yi da su inda ko akuya ba ta zuwa. In ka ƙyale shi, zama zai yi ya buɗe, ya ci na ci ya zubar da saura. Na kore su daga masara tun kafin in auri uwarka.” Na dawo na zauna, na haɗa leɓena kamar yadda aka ce.

Haka kuwa aka yi. Ta wutsiyar ido muna kallo birin ya zauna, ya yage jakar, ya jefar da ɗan littafin da nake rubutu a ciki, ya jefar da biro, ya cinye gurasa, sannan ya kai ga kilishi. Kilishin garinmu ba a yi masa rowar yaji. Ya tauna sau uku ya tsaya, ya murza baki da bayan hannu, ya yi atishawa, ya dubi abin da ke hannunsa da mamaki, sannan ya sake kaiwa baki. Duk da halin da muke ciki maƙwabcina sai da ya toshe baki, tumbinsa na rawa. Dariyar ta yanke lokacin da baƙar ledar ta fito. Man kilishi ya jiƙe ta, birin ya shiga lasa, ƙananan suka matso kowa na miƙa hannu. In suka fara ja-in-ja a kanta, ko shafi ɗaya ba zai tsira ba.

Baba ya ce wa maƙwabcina, “Ara min hiramin kanka.” Ya ninke shi ya zama majajjawa, ya zaɓi dutse daidai tafin hannu. Sannan ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, dogo ɗaya, gajeru biyu. Nan take na gane shi, domin fiton da yake kiran karnukan gidanmu da shi ne, rabona da jin sa ya kai shekara ashirin. Na ce a raina wane kare ne zai dawo wurin waɗanda suka jefe shi. Ban gama tunanin ba sai ga haushi daga samanmu. Baba bai ko waiwaya ba ya ce, “Tun da ka jefe shi yake bin mu ta sama. Kai ne ba ka gani.”

Karen ya gangaro da ɗingishinsa, ya zagaya ta bayan tudun yana haushi, bai matsa kusa ba, bai kuma ja da baya ba. Baba ya wulwula majajjawa sau uku ya saki. Dutsen ya daki bangon da ke saman kan biran ya tarwatse da ƙara kamar an harba bindiga. Ya bi shi da wata kururuwa ta mafarauta har duwatsun suka amsa, maƙwabcina ma ya kama ihu da Larabci da Hausa a haɗe. Birai suka watse, babban ya saki ledar ya haura. Muna kallo ta gangara, ta daki dutse, ta faɗa cikin wasu ƙayoyi can ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Na ce shi ke nan. Baba ya ce, “Ba shi ke nan ba, akwai mai hanci.” Ba zan ce karen ya san darajar fasfo ba, man kilishi ya bi. Ya sulale ƙasa muka daina ganinsa, sai motsin ƙaya. Bayan wani ɗan lokaci, wanda ni a wurina ya yi tsawo ƙwarai, sai ga shi ya hauro da baƙar leda a baki. Amma bai zo wurinmu ba. Ya tsaya nesa ya kwanta, ya danne ledar da ƙafa yana haki, harshe a waje, idonsa a kaina. Na taka ɗaya, ya ɗauki ledar ya ja baya.

“Baba, ka kira shi mana,” na ce.

“Ba ni yake tsoro ba,” in ji Baba. “Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ƙishi yake ji.”

Robar ruwa ɗaya ta rage mana, tana hannun maƙwabcina, kuma babu kwano, babu ko gwangwani. Na duba hagu na duba dama. Baba ya haɗa tafukan hannunsa ya nuna min. Na durƙusa a kan dutsen da farar rigata, na haɗa hannuwa, maƙwabcina ya tsiyaya ruwa a ciki. Karen ya dube ni, ya dubi ruwan. Ya saki ledar, ya tako a hankali yana ɗingishin da ni na sa masa, ya sa harshe a tafin hannuna. Harshen da ɗumi, da ɗan kaushi. Yana sha ana ƙarawa har robar ta ƙare, sannan ya lashi wuyan hannuna ya kaɗa wutsiya.

A durƙushen nan ne karatuna ya dawo min. Na tuna hadisin wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, hadisin da ni da bakina na sha karantarwa. Na tuna an halatta karen farauta da na kiwo. Na tuna malaman mazhabar da aka raine ni a kanta ba su ma ɗauki kare mai rai najasa ba, waɗanda suka ɗauka kuma wankewa suka ce a yi, ba jifa ba. Duk na san wannan, har jarrabawa na ci a kansa. Kunya ta kama ni har hawaye ya zubo min, maƙwabcina na tambaya ko yaji ne ya shiga idona.

Fasfon ya tsira. Haƙori ya huda bangonsa a wuri biyu, yana ta ƙanshin kilishi, amma hoton Baba da bizarsa lafiya lau. Na goge shi da rigata da ta riga ta zama abin da ta zama, na miƙa wa Baba da hannu biyu. Na ce, “Ga shi, Baba. Ban kyauta maka ba, kuma ba yau kaɗai ba. In jirgin kake so, gobe zan nema.” Ya karɓa ya zura a aljihun ƙirji, ya ce, “Mu hau, rana na yi.” Duk tsawon hawan nan ina ta tunanin ko jirgin zai zaɓa.

A sama tsohon makiyayin ya ga karensa na ɗingishi, ya ga rigata, ya tambayi abin da ya faru. Na faɗi laifina da bakina. Ya duba ƙafar ya ce babu karaya, kwana biyu zai warke. Maƙwabcina ya karɓe labarin ya ƙara masa gishiri, birai suka zama ɗari, majajjawa ta zama igwa. Ya ciro wata gurasa da ashe ya ɓoye wa kansa a mota, aka ba karen ladansa ninki biyu. Tsohon ya dubi Baba da kyau, sannan ya juyo gare ni ya yi tambayar nan dai: wannan dattijo mene ne aikinsa a ƙasarku?

Maƙwabcina ya buɗe baki zai amsa na riga shi, karo na biyu ke nan ina riga wani amsa wannan tambayar. Na faɗa da Larabci, sannan na maimaita da Hausa da ƙarfi don Baba ya ji. “Mafarauci ne. Da karnukansa ya ciyar da ni har na zo nan.” Tsohon ya miƙe tsaye ya sumbaci goshin Baba, ya zaunar da shi a kan shimfiɗarsa, ya zuba masa shayi mai na'ana'a. Bayan mun wanke hannu mun yi sallah, sai ga tsofaffi biyu suna hira alhali babu mai jin yaren wani, wannan ya kwaikwayi kura da hannu, wancan ya kwaikwayi kyarkeci. Da hannu ya gaza sai Baba ya ce, “Malam, fassara.” Ranar na fassara labarin kurar bakin kogo tun daga farko, da sunayen karnuka duka biyar, kuma ranar ce na fara sauraronsa har ƙarshe. Ashe labari ne mai daɗi.

Bayan la'asar muka kamo hanyar gida, Baba na gaba kusa da direba, ni ina baya. Zafin Makka ya fara taro mu ta taga ke nan, sai na ga hannu ya miƙo ta kan kafaɗa, ba a ko waiwayo ba. Fasfon ne.

“Ajiye wannan,” in ji Baba. “Ka ce ana sabunta wani abu a ciki. Amma ban da cikin nama.”

Na karɓa. Bakina da ba ya iya yin shiru ya ce, “Shukar fa, Baba?”

Ya ce, “Wace shuka? Wannan ai sai manoma.”

Maƙwabcina ya yi dariya har sai da ya tsayar da mota a gefen titi. Da muka isa gida matata ta dubi rigata tun daga wuya har ƙasa, ta dubi Baba da ke ta raha yana neman a ƙaro masa tuwo, ta ce kada in damu da rigar, ta ga ta yi aikinta.

Baba ya yi azuminsa a Makka. Mun sha ruwa a Harami da dabino da zamzam, mun tsaya tarawihi kafaɗa da kafaɗa, ya kuma ci gaba da gaishe da kowa a cikin lif, har wasu suka fara riga shi gaisuwa. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Fasfon yana durowata da hudar haƙoran nan biyu.

Abin da ranar ta koya min shi ne, ilimin da zai sa mutum ya ji kunyar hannun da ya ciyar da shi bai shiga ƙirjinsa ba tukuna, a kan harshe kawai ya tsaya. Na je Makka neman malamai, na kuma same su, Allah ya saka musu da alheri. Amma darasin da ya fi gyara ni, tsohon mafarauci ne ya ba ni shi a kan dutse, da taimakon karen da na jefa. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni ɗan wane ne ni, ba na jira ya gama tambayar nake ce masa ɗan mai karnuka ne.